Na tare a Harlem da yara biyu, ina zan riƙa kai su? 'Yan New York ku taimaka

Abu Sadiq Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a New York shawara nake nema. Wata na tara kenan da zuwa, iyali kuma sun iso wata biyu da suka wuce, mun samu ciki biyu da falo a Harlem wajen titi na 130 da ɗoriya, hawa na huɗu babu lifta. Yara biyu ne, namijin shekara 11 macen 8. Tunda suka zo daga makaranta sai gida, yanzu kuma an yi hutu sun zama kamar kajin gidan gona, waya da talabijin kawai, yaron da a Fagge sai an bi shi da bulala kafin ya shigo gida da magariba yanzu ko inda takalminsa yake bai sani ba. Kuma laifina ne, dan tun kafin in taso wani ɗan uwa ya cika min kunne wai Harlem unguwar 'yan daba ce, kar ka kalli kowa kar ka gaisa da kowa, baƙaƙen Amurka ba sa son 'yan Afirka, ka kulle ƙofarka kawai ka nemi kuɗinka.

To amma abin da idona yake gani daban. Akwai wata tsohuwa a ƙasanmu kullum tana zaune a dakalin ƙofar gida, ba ta taɓa bari na wuce ba ta gaishe ni ba. Asabar ɗin da ta wuce aka tare layinmu gaba da baya, babu mota, aka fito da kujeru da gasa nama da sifika, aka kunce famfon 'yan kwana-kwana yara suna ta tsalle a ruwa, nawa kuma suna leƙe ta taga kamar fursunoni. Da muka sauko za mu masallaci tsohuwar nan ta miƙo wa 'yata faranti, ni kuma na janye hannun yarinyar na ce mun gode, wlh har yanzu in na tuna yadda ta kalle ni sai in ji kunya.

Tambayata, ina ne mutum zai kai yara su sha iska ba tare da ya kashe kuɗin haya ba, kuma ya ake zama da mutanen nan?

Baba Ɗan Maraɗi 116

Wa alaikumus salam. Ɗana sannu da zuwa, Allah ya sa an shigo a sa'a. Ni ban iya rubutun waya sosai ba amma maganar nan ta taɓa ni sai na ce wani abu.

Wanda ya ba ka labarin nan, labarin shekara talatin da wani abu baya ya ba ka. Gaskiya ne an yi wannan zamanin, lokacin da hodar iblis ta shiga unguwa a shekarun 1980, ni na zo 1996 na tarar da wutsiyarsa, layi guda sai ka ga gida biyar an toshe tagoginsu da katako wasu sun ƙone babu mai shiga sai ɓera. Gidajen nan na jan dutse da muke tsoron wucewa ta gabansu su ne yau ake sayarwa miliyoyin daloli. Yanzu in kana neman abin tsoro a Harlem ka jira takardar mai gidan haya ƙarshen shekara.

Bari in gaya maka yadda muka samu wurin zama. Mutanenmu na Nijar da Senigal da Mali da Gini tebur suke kafawa a bakin titi na 125, huluna, jakunkuna, carbi, atamfa, kaset, tun daga wajen gidan wasa na Apollo har titin Lenox ba ka samun wurin sa ƙafa. A watan Oktoba na 1994 zamanin magajin gari Giuliani aka tashi kowa daga kan titin. Wa ya tsaya aka samu wata kasuwar? Mutanen masallacin Malcolm Shabazz, baƙaƙen Amurka, su suka riƙe kasuwar titi na 116 wadda har yau sunan masallacin take amsawa. Ciniki bai kai na 125 ba, kowa ya sani, amma da ita muka aurar da ɗiya muka gina gidaje a Maraɗi da Tawa. Saboda haka in na ji ɗan Afirka ya sauka jiya yana zaginsu sai in ce masa ka ci tuwon mutum kana raina murhunsa.

Masallacin ba ya ɓata, kusurwar 116 da Lenox, mai koriyar ƙubba. Nan Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya yi jagoranci tun 1954 lokacin ana ce masa Temple mai lamba 7, kafin ya bar ƙungiyarsu ta Nation of Islam ya je Makka a 1964, shekarar da ya zagaya Afirka har Ibadan. An harbe shi 21 ga Fabrairu 1965 a zauren Audubon can sama wajen titi na 165. Titin Lenox ɗin ma sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Kai yaran Juma'a can, daga nan ku gangara 116 ku ci shinkafa da kifi ta 'yan Senigal.

Kuma ka sani su ma baƙi ne suka zama 'yan gari. Kakanninsu daga kudu suka taho, Jojiya, Bajiniya, Karolina, tun wajen yaƙin duniya na farko, gudun wulaƙanci da kisan gilla, wasu kuma daga tsibirai irin Marcus Garvey da ya zo daga Jamaika 1916. Da suka zo masu gidaje suka tsuga masu haya fiye da ta farar fata dan an san ba su da inda za su. Ka san abin da suka yi? Ajo. Wallahi ajo irin namu sak. In wata ya kusa ƙarewa kuɗin haya bai cika ba, sai a ɗage kujerun falo daren Asabar, a kira mai piyano, a soya kaza, kowa ya biya 'yan sulalla a bakin ƙofa a yi rawa har asuba, da safe a kai wa mai gida kuɗinsa. Manyan makaɗansu da yawa a irin wannan falon suka goge.

Maganar faranti kuwa ka yi kuskure, ba zan ɓoye maka ba. Ko a gida in tsohuwa ta miƙo wa ɗiyarka abu ai karɓa ake, abin da za a yi da shi daga baya wannan naku ne. Ka sa mai ɗakinka ta yi wani abu na hannu ta kai mata da kanta, ta ce mata mu Musulmi ne ba ma cin alade shi ya sa. Za ta gane, da yawa a unguwar nan akwai Musulmi a danginsu.

Maman Ilham

Abban Sadiq sannunku da zuwa, a gaida amarya da yara. Baba ya gama magana ni wuraren zan lissafa maka, duk na kai nawa.

Fara da lambun Marcus Garvey, tsakanin titi na 120 da 124, ba za ka rasa shi ba dan titin Fifth ma a jikinsa yake katsewa saboda wani ƙaton dutse da ke tsakiya, a samansa akwai tsohuwar hasumiyar ƙarfe da ake hango gobara tun shekarun 1850. Akwai wurin ninƙaya kyauta duk lokacin zafi daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, amma dan Allah ka riƙe wannan, sai da kwaɗo na kulle loka da kayan wanka na gaske, riga kuma fara sol kawai ake bari a bakin ruwa, ba sa jin magiya. Ni ranar farko haka muka juyo da yara uku suna kuka a rana. Sannan lokacin hutu ana raba wa yara 'yan 18 zuwa ƙasa abinci kyauta a makarantu da wuraren wanka da wasu laburare, ba mai tambayarka takarda. Katin laburare ma kyauta ne, akwai reshe a titi na 115 mai sunan Harry Belafonte, ga sanyin esi ga littattafai ga kwamfuta, ni nan nake zubar da su in zafi ya yi zafi.

In kuna son fili babba ku je Riverbank a ƙarshen titi na 145 bakin kogin Hudson, ga filin ƙwallo ga wurin gudu ga wurin wanka na cikin ɗaki. Abin dariyar a saman ma'aikatar tace ruwan masai aka gina shi, an buɗe 1993, wato an kawo wa baƙaƙe ƙazantar gari sannan aka ɗora masu lambu a kai dan a rufe masu baki. Amma wuri ne mai kyau gsky.

Ni aikin kula da tsofaffi a gida nake, shekara 14, kuma a nan na san mutanen nan ba a titi ba. Akwai wata da na riƙe shekara huɗu har Allah ya yi mata rasuwa tana da 93, 'yar Karolina ta Kudu ce aka kawo ta tana yarinya. Ranar sabuwar shekara ta farko da na yi da ita ta ce lallai sai an dafa abincin sa'a, tana daga keken guragu tana ba ni umarni, jiƙa wannan, zuba wancan, ina gamawa na buɗe tukunya na tsaya ina kallo, jama'a garau-garau ne! Shinkafa da wake, farin waken nan namu mai baƙin ido. Na ce Mama ai wannan abincinmu ne, ta ce to da wa kike zaton ya kawo shi, a jirgin da aka kawo mu aka kawo shi. Su da ƙashin alade suke dafawa, saboda ni ta koma talotalo mai hayaƙi, har ganyen da suke dafawa kamar zogale haka ta riƙa yi min. Shi ya sa nake ce maka tambaya ake yi, da me aka dafa ganyen, ba laifi ba ne kuma ba sa jin haushi.

Ita ce take ba ni labarin Savoy, gidan rawa a Lenox tsakanin 140 da 141 da aka buɗe 1926 aka rufe 1958, ta ce a nan baƙar fata da farar fata suke rawa a daɓe ɗaya, ga Cotton Club kusa da shi inda baƙar fata ke kiɗa da rawa amma ba a barin baƙar fata su shiga kallo. Ƙafafunta sun mutu amma in aka sa kiɗan lokacin sai ka ga kafaɗa tana motsi. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne masu yawon buɗe ido da ke yin layi ranar Lahadi a ƙofar cocin Abyssinian a titi na 138 da gajeren wando da kyamara, ta ce sun mai da ibadar mutane silima. Cocin tun 1808 aka kafa shi, sunan Habasha ya ci.

Nazir ɗan Zango

Kawu bar yaron nan ya fita haba!! Ni ina shekara 9 aka kawo ni daga Kumasi, zan faɗa maka gaskiya ba irin ta manya ba. Za a tsokane shi. Za a yi dariyar turancinsa da askinsa da takalminsa, ni har tambayata aka yi ko da zaki muke kwana. Amma mu ma ai muna da sunan da muke kiransu a bayan ido, akata, kuma sun san kalmar sun san ba yabo ba ce, to kowa da nasa. Abin da ya kashe maganar a wurina ƙwallon kwando ne, ranar da na fara tare wa wani ƙato ƙwallo a filin layinmu daga ranar na tashi daga ɗan Afirka na koma sunana.

Ka kai shi filin ƙwallon kwando na Rucker wata yamma, titi na 155 da Frederick Douglass, jirgin ƙasa na B ko D zai sauke ku a wurin. Fili ne ƙarami in ka gan shi da rana za ka ce wannan ne ake ta zuzutawa, amma a nan su Wilt Chamberlain da Dr J da Kareem Abdul-Jabbar suka buga, Kobe ya zo 2002, Kevin Durant ya zuba maki 66 a 2011 mutane suka ɓalle suka cika filin. Holcombe Rucker da aka sa wa sunan ma'aikacin lambunan gari ne da ya fara gasar dan ya janye yara daga titi ya tura su makaranta. Abin da zai burge ka mai makirfo ne, yana yawo cikin fili yana yi wa 'yan wasa kirari kamar sanƙira, in ya laƙaba maka suna shikenan har ka mutu da shi za a kira ka, in kuma aka zille maka ka faɗi to gara ka bar unguwar sati biyu lol.

Apollo kuma titi na 125, daren Laraba ne gasar sababbin hannu tun 1934, mawaƙiya Ella Fitzgerald a shekarar ta ci tana 17. Akwai wani kututturen itace a gefen dandamali kowa sai ya shafa kafin ya fara wai sa'a, in ka iya a ɗaga ka sama, in ba ka iya ba 'yan kallo su yi maka ihu har wani ya fito da rawa ya kore ka. Yara dai ba a yi masu ihun. Wannan da tikiti ne amma, na kyauta shi ne bikin Harlem Week a watan Agusta da faretin baƙaƙen Amurka a Satumba kan titin Adam Clayton Powell, 'yan makaranta da ganguna kamar hawan sallah ba dawaki.

Abu Hafsat

Ni dai ban ga wanda ya ambaci Islamiyya ba, kowa kiɗa da rawa da wanka. Malam ka yi hattara, tun 2021 aka halatta wiwi a jihar nan duk lambun da ka shiga warinta ne ke fara yi maka sallama, yaro ɗan 11 kuma soso ne. Mun ga 'ya'yan mutanen kirki da aka saki da sunan shan iska yau ko gaisuwa da Hausa ba sa yi. Ka nemi makarantar Asabar da Lahadi tukuna, akwai su a 116 da Bronx, sauran duk bayan wannan ne. Maƙwabciya kuma a kyautata mata, wannan addini ne ba sai an je fati ba.

Malama Binta

Malam Abu Hafsat ba ka yi ƙarya ba a kan Islamiyya, kuma warin ma gaskiya ne. Amma yaron da aka kulle da waya a ɗaki ba ka san lambun da yake shiga ba, gara wanda ubansa ke zaune a benci yana kallonsa.

Ga wuri ɗaya da ba kiɗa ba rawa kuma kyauta, cibiyar Schomburg, titi na 135 da Lenox, jirgi mai lamba 2 ko 3 a ƙofarta yake tsayawa. Arturo Schomburg baƙin mutum ne ɗan Puerto Rico, ana cewa yana yaro malaminsa ya ce masa baƙar fata ba su da tarihi ba su da gwarzo, shi kuma ya ƙare rayuwarsa yana tara littattafai da takardu da hotuna dan ya ƙaryata shi, a 1926 laburaren birnin ya saye tarin. Yau abin da ke ciki ya haura miliyan 10. A daɓen zauren akwai zanen koguna, Nilu da Kwango da Furat da Misisipi, tokar gawar marubuci Langston Hughes a ƙarƙashinsa take. Na kai ɗaliban ajina, wata 'yar Gini ta durƙusa tana bin kogin da yatsa tana neman Neja.

Abin da nake so Abban Sadiq ya gane shi ne ya zo lokacin da mutanen nan ke jin unguwar tana zame masu. Masu ganguna na lambun Marcus Garvey tun wajen 1969 suke kiɗa duk Asabar, har da 'yan Afirka a cikinsu, sai ga shi wajen 2007 da 2008 waɗanda suka sayi sababbin gidaje masu tsada a gefen lambun suna kai ƙara wai hayaniya, har aka matsar da su cikin lambun. A 2017 dillalan gidaje suka so canza wa kudancin unguwar suna zuwa SoHa dan kar mai saye ya ji kalmar Harlem, mutane suka yi ca sai da aka janye. To tsohuwar da ke dakali tana gaida kowa tana lura da wanda ke amsawa da wanda ke wucewa kamar bai gan ta ba, kuma ta san wane iri ne ke wucewa. Bayan haka dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa a zamanin gwagwarmayarsu aka yi ta, su aka sakar wa karnuka.

Abu Sadiq Fagge

Jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Baba na karɓi faɗa. Jiya maman yara ta yi cincin da zoɓo mai citta ta sauka da kanta ni ina laɓe a bayanta kamar wanda ya yi sata. Tsohuwar na kurɓar zoɓon ta ajiye kofi ta dafe ƙirji, ashe uwarta 'yar Jamaika ce, wai shi suke sha duk Kirsimeti da citta da kanumfari, rabonta da mai daɗinsa tun rasuwar uwar. Maganar faranti ko tada ta ba ta yi ba, sai cewa ta yi yarinyar ta riƙa saukowa tana taya ta zama, kuma wai gashinta wa ya yi mata kitso.

Malam Abu Hafsat na sa su Islamiyya Asabar da Lahadi da safe. Maman Ilham kin faɗa kin ƙara amma sai da na manta kwaɗon, mun juyo daga bakin ƙofa, gobe za mu koma. Nazir, Sadiq ya sauka filin layinmu da yamma wata yarinya da ba ta kai shi tsawo ba ta ci shi 11 da nema, ya hawo yana huci ya ce lallai sai na saya masa ƙwallo. Wace lamba ake saya wa ɗan shekara 11, kuma ina zan samu mai sauƙi a 125?